Jika 40, kare da kyanwa: wane gidan haya zan samu a Yamai?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. An canza mini wurin aiki daga Tawa zuwa Yamai. Zan taho da maiɗakina, wadda take da juna biyu, da yaronmu ɗan shekara 3. Muna da kyanwa ɗaya, da kare ɗaya da na raina tun yana ɗan kwikwiyo, shi ke mana gadi. Abin da zan iya fitarwa a wata don gida bai wuce jika 40 (sefa dubu 40) ba. Dillalai biyu sun ce da kare babu mai ba ni gida, na uku ya ce in yi shiru kawai, in na tare in shigo da shi da dare. Shin akwai gida mai sauƙin kuɗi da za a yarda da dabbobina, wanda kuma za mu ji daɗin zama a cikinsa, ko dai in haƙura da su?"

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa canjin nan ya zame maka alheri, ya kuma sauki maiɗakinka lafiya.

Abu uku ka ɗaure da igiya ɗaya: gida mai araha, gidan da za a bar ka da karenka da kyanwarka, da gidan da ba za ka fara neman hanyar tashi daga cikinsa bayan wata uku ba. Ana samunsu tare a Yamai, sai dai ba a irin gidajen da dillali ke fara kai baƙo ba. Dillalan nan biyu ba su yi maka ƙarya ba, gidan haɗaka suke nufi, kuma a can maganarsu haka take. Na ukun kuwa la'adarsa yake so ya karɓa ya wuce. Kare ba allura ba ne da za a ɓoye a aljihu. Daren farko zai yi haushi, kafin hantsi magana ta kai kunnen mai gida, kai kuma ka riga ka zuba abansi (hayar watannin gaba) da kosiyo (kuɗin ajiya da ake mayarwa in an tashi ba ɓarna), ka kuma fara zama da mutane da sunan wanda ya yi musu rufa-rufa. Wannan shawarar ka jefar da ita.

Tsakar gida ita ce maganar

A garin nan babu gidajen da ake tallatawa da sunan an yarda da dabba. Abin da ke raba gardama shi ne su wa da wa ke amfani da tsakar gidan. Akwai gidan haɗaka, kur komin, inda ɗakuna biyar ko goma ke kallon fili ɗaya, da famfo ɗaya, da makewayi ɗaya ko biyu. A nan ake samun antire-kushe (ɗaki ɗaya tak) da ɗaki da salo mafi araha, a tsofaffin unguwanni masu cunkoso irin su Bukoki, Lazare, Talaje da Gamkale. Akwai bila mai katangarta da ƙofarta, wadda ba a cika tambayar abin da ka ajiye a cikinta ba, amma jika 40 ba ta kai ka can. Sai na tsakiya: an jera ɗaki da salo uku ko huɗu a fili ɗaya, amma an shiga tsakaninsu da katanga, kowa da ɗan tsakar gidansa, da makewayinsa, da ƙofar da yake kullewa. Wannan na tsakiyar shi za ka sa a gaba. Ko da filin bai wuce mita 3 a kan 4 ba, matuƙar naka ne kai kaɗai, rabin matsalar kare ta kau, kuma da ita rigimar makewayi da ta shara da ta igiyar shanya, waɗanda su ne ke cinye ran ƴan haya.

Yana da kyau ka fahimci dalilin ƙin, don ka san yadda za ka yi magana. A gidan haɗaka tsakar gida ita ce madafa, ita ce wurin alwala da shimfiɗa darduma, ita ce wurin wasan yara. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwa kuwa ita ce ɗakin kwana, domin in zafi ya haura digiri 40 da rana, ɗakin kwano ba ya shiguwa sai tsakar dare, kowa fito da tabarma da gidan sauro yake yi. Ka duba kare yana zagayawa tsakanin mutum goma sha biyar da ke kwance a ƙasa, yana sa baki a buta da ƙwaryar da aka bari a buɗe. Ko mai son kare ba zai ji daɗi ba. Ga tsoron cizo da haukan kare, ga kajin wata da akuyar wani. Mai gida mai ɗakuna shida kuma lissafinsa a fili yake: ba zai ɓata wa mutum biyar rai saboda mutum ɗaya ba.

Ta fuskar addini, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma ƙwaryar da ya sha a ciki ana wanke ta sau bakwai. Hadisi ya zo da ragin lada ga wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kuma malamai da yawa sun haɗa gadin gida a cikin abin da aka yarda in akwai buƙata. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Abin da ya shafi aikina shi ne: mai gidan da ya ji an ce kare na gadi ne, a waje yake kwana, ba ya shiga ɗaki, yana da ƙwaryarsa daban, ya fi saurin sassautowa a kan wanda aka bar shi yana tunanin kare a kan katifa.

Kyanwa ba ta da wannan nauyin, shari'a ma ta ɗauke ta cikin masu kai-kawo a gida. Laifinta uku ne a wurin maƙwabta: ɗaukar nama ko kifi a madafar da ke buɗe, cin ƴan tsaki da ƴan shila, da yin kashi a tarin yashin gini ko inda yara ke wasa. Kyanwar da ta ƙoshi kuma take da wurin bayan gidanta ba ta cika jawo magana ba.

Jika 40 ba kuɗin haya ba ne duka

In jika 40 ce iyakarka, nemi gidan jika 30 zuwa 32, domin kuran da ruwa da kuɗin shara daga cikin ragowar za su fito. Sannan ka tanadi kuɗin shiga, wanda shi ke kayar da baƙi. A ce haya jika 30 ce, aka nemi abansin wata 3 da kosiyon wata 1, dillali kuma ya nemi kwatankwacin hayar wata: jika 150 ke nan kafin ka ɗauko ko tabarma. Wani mai gidan zai nemi fiye, wani ƙasa, kuma duka ana iya ciniki a kansu. La'adar dillali a daidaita ta tun kafin a fara yawo, haka ma ɗan kuɗin da suke karɓa na kai ka ganin gida. Kada ka miƙa wa dillali abansi. Mai gida ko wakilinsa da ka tabbatar za ka ba, a gaban shaida, a ba ka rasi. Yawancin waɗanda aka cuta a garin nan, ɗaki ɗaya aka karɓi kuɗin mutum biyu a kansa, ko kuma wanda ya karɓa ba shi da iko da gidan.

Irin gidan da na kwatanta, a farashinka, a gefen gari za ka fi samunsa: wajajen Koira Tegi, Cangare, Yamai 2000, Basora, unguwar Ayerofor, Saga, ko ƙetaren kogi, Harobanda. Filato da Kwara Kano ba na wannan aljihun ba ne. Farashi yana bambanta daga layi zuwa layi a unguwa ɗaya, saboda haka ba zan yanka maka adadi ga kowace unguwa ba, ƙafarka ce za ta gaya maka. Amma ka haɗa kuɗin mota cikin lissafi. A ce zangon taksi sefa 300 ne, kuma gidan da ya fi araha da jika 10 ya ƙara maka zango ɗaya zuwa, ɗaya dawowa. A ranakun aiki 22, sefa 13,200 ke nan. Gidan arahar ya fi tsada ke nan, ban da gajiya da cunkoson gadar Kennedy safe da yamma in aikinka da gidanka kogi ya raba su. In kana da babur, nisan ya rage ciwo sosai.

Akwai wata ƙofa da baƙi ba su cika sani ba, kuma a nan karenka alheri ne. A sababbin unguwanni za ka ga fili an kewaye shi da katanga, an gama ɗaki biyu, sauran ginin yana jiran kuɗi, ga buhunan siminti da rodi da bulo a ajiye. Mai irin wannan wuri mutumin kirki yake nema ya zauna masa, kuma jin cewa akwai kare na gadi yana ƙara masa natsuwa. Hayar takan yi sauƙi, filin kuma wadatacce ne. Haɗarinsa biyu ne: wataƙila ruwa ko kuran ba su iso da sunan gidan ba, daga maƙwabci ake ja, kuma ranar da kuɗi suka zo wa mai shi, magina za su cika maka gida ko a ce ka tashi. In za ka shiga irinsa, a rubuta wa'adin da za a ba ka kafin tashi.

Abin da ke sa ɗan haya ya zauna ko ya gudu

A abin da na gani cikin aikin tsayawa tsakanin masu gidaje da ƴan haya, ba tsadar haya ke tayar da mutane ba, domin sun san ta tun kafin su shiga. Abin da ba su gani ba ranar dubawa shi ke korarsu: zafi, ruwa, faktir ɗin haɗaka, masai, da mai gidan da ba ya amsa kira. Dillali zai kai ka da hantsi, lokacin da kowane gida yake da kyau. Kai ka koma da kanka sau biyu, da ƙarfe 3 na rana da kuma bayan isha'i.

Da rana zafi za ka auna. Ɗaga kai ka ga ko akwai filafon a ƙarƙashin kwano. Kwano tsirara a watan Afrilu tanda ne, ga mai ciki da ƙaramin yaro kuwa wannan maganar lafiya ce. Dafa bangon da ke fuskantar yamma da tafin hannunka. In ɗakin kwana ne ke bayansa kuma babu bishiya ko rumfa, zafin da ya sha zai dinga fitar da shi har tsakar dare. Duba ko taga biyu suna kallon juna, don iska ta ratsa lokacin da aka ɗauke kuran, abin da ya fi yawa daidai lokacin bazara. Ginin laka mai kauri ya fi na bulon siminti sanyi, amma yana son yaɓe duk shekara, kuma tsagoginsa maɓoyar ƙuma da kaska da kunama ne.

Da dare ruwa da hayaniya za ka auna. Ruwan famfon Yamai daga kogi ake tace shi a Gudel da Yantala, kuma a lokacin zafi unguwannin da ke nesa ko kan tudu sukan same shi sai cikin dare, wani lokaci ma a kwana biyu babu. Buɗe famfo ka gani, amma shaidar da ta fi ita ce ƙofofin maƙwabta: in kowace ƙofa da tano da jerin bidon, ka san ruwa ba ya zuwa da rana. A ce iyalinka suna shan bidon 5 na lita 25 a yini, ɗan ga-ruwa kuma yana ba ka ɗaya sefa 50, jika 7 da rabi ke nan a wata, a kan ruwan da bai kai mita kub 4 ba. Wannan ma haya ce, ko da ba ta cikin rasi.

Kontar na haɗaka shi ne uban rigima, kuma dalilin a lissafi yake. Fanka mai wat 60 da ke aiki awa 10 a yini tana cin kilowat-awa 18 a wata. Kilim mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, awa 8 a yini, yana iya kai wa 260. In aka raba faktir daidai-wa-daida ko bisa yawan ƙwan fitila, mai fanka ne ke biya wa mai kilim. Ƙari a kan haka, farashin kuran da na ruwa hawa-hawa ne: matakin farko, mai sauƙi, an yi shi don gida ɗaya, a ruwa mita kub 10 ne na farko. In iyali shida suka haɗu a kontar guda, nan da nan suke tsallake shi, kowa ya dinga biya a mataki mai tsada ko da shi kaɗan ya sha. Gida mai kontar nasa ya cancanci ƙarin jika 2 ko 3 a haya. In babu, ka nemi a sa maka ƙaramin kontar na ciki, a rubuta lambar da ke kansa ranar shigarka. Ka kuma nemi ganin faktir na ƙarshe da aka biya, na NIGELEC (kamfanin kuran) da na kamfanin ruwa, don kada a zo yanke maka a kan bashin wanda ya tashi.

Sai damina. Ruwan sama a Yamai ba shi da yawa a shekara, amma yakan sauko a lokaci ɗaya, tsakanin Yuli da Satumba. A 2020 kogi ya cika har ya karya katangar da ke tare ruwa a ƙetaren kogi, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, ya kuma taɓa Saga. Ba ƙetaren kogi duka ne kwari ba, akwai tudu mai kyau, haka kuma a wannan gefen akwai layukan da ke nesa da kogi amma ruwan sama ke kwanciya a cikinsu. Bango yana ba da labari ko da rani: layin datti ko farin gishiri a ƙasa-ƙasa, fentin da ya kumbura, daɓen ɗaki da ya fi titi zurfi, dokin ƙofa da aka ɗaga da bulo biyu, buhunan yashi a bakin gida. Kowanne ka gani, ruwa ya taɓa shiga. Leƙa masai da fitilar waya ka ga yadda ya cika, ka tambayi wa ke biyan motar kwasa. Ka bi kuma inda ruwan wanka ke fita, in kan layi yake malala, sauro da faɗa da maƙwabta na jiranka.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sayi wani abu a shagon layin, ka zauna wurin mai shayi, ka tambayi mutum nawa suka zauna a ɗakin nan cikin shekara biyu da suka wuce. In an ce huɗu, akwai dalili, ko ba ka gan shi ba. Ka tambayi wani ɗan haya na mai gidan: in kwano ya yi yoyo, kwana nawa ake yi kafin a gyara, kuma wanda ya tashi an mayar masa da kosiyonsa?

Ga dabbobin, duba katanga ta kai kamar mita 2, babu tarin bulo ko tano a jikinta da kare zai taka, kuma ƙarƙashin ƙofa ba shi da ratar da zai kutsa. In akwai, wayar raga ko guntun kwano ya isa. Inuwa wajibi ce. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, kuma ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a kan siminti cikin ranar bazara yana iya kashe shi a yini guda. Yi masa rumfar zana a kusurwar da ba ta shan ranar yamma, a kan ƙasa ko yashi. Kare mai kilo 20 yana shan fiye da lita ɗaya a yini, a bazara ninki biyu, saboda haka ƙwaryarsa kada ta bushe. Wanda aka kulle dare da rana shi ne mai haushi har asuba. Fita da shi da igiya bayan sallar asuba, kafin ƙasa ta ɗau zafi, yana rage wannan sosai. Tambayi kuma ko an taɓa turke raguna a filin. In an yi, akwai kaska da ƙuma a tsagogi, sai a share, a toshe ramuka, a yi feshi kwana biyu ko uku kafin iyali su tare.

Yarda, sannan takarda

Faɗa wa dillali tun ranar farko, don kada ya ɓata maka lokaci da kuɗin mota. Amma yardar dillali ba yarda ba ce. Nemi zama da mai gidan kansa, ka gaisa, ka faɗi aikinka da iyalinka, sannan ka kawo maganar kare da bakinka kafin ya ji a wani wuri. Riƙe katin rigakafin karen a hannunka. In ka ga yana jan ƙafa, kada ka yi tayin ƙara haya, domin wannan ƙari ne na har abada. Yi tayin ƙara kosiyon rabin wata ko wata guda saboda abin da dabba ka iya ɓatawa, kuɗin da za su dawo maka in babu ɓarna. Sannan ka zagaya maƙwabta na dama da hagu, maiɗakinka ta shiga wurin matan, a gaya musu akwai kare, a kulle yake, in ya dame su su faɗa muku kai tsaye. Mutumin da aka girmama da sanarwa, ƙorafinsa gare ka zai kawo kafin ya kai wa mai gida ko mai unguwa.

Tun 1996 Nijar ke da dokar da ta tsara hayar gidaje, amma mafi yawan haya a unguwanninmu da baki ake ƙulla ta, kuma magana ta baki ranar rigima kowa da yadda ya tuna ta. Mai gida na iya rasuwa, magada su zo su ce ba su san zancen kare ba. Ku rubuta kontra ko da shafi ɗaya ne: sunaye, adadin haya da ranar biya, abansi da kosiyo da sharaɗin mayar da shi, wa'adin sanarwa kafin tashi ko ƙarin haya, wa ke gyaran rufi da kwasar masai. A ƙara layi kamar haka: "Mai gida ya yarda ɗan haya ya ajiye kare ɗaya na gadi da kyanwa ɗaya a cikin sashensa. Ɗan haya zai riƙa yi musu rigakafi, ba zai saki kare a waje ba tare da igiya ba, kuma shi zai biya duk ɓarnar da suka yi." Faɗin adadi yana kare ku duka biyu. Ku sa hannu da shaidu biyu, a kai ofishin magajin gari ko komisariya a buga hatimi, kowa ya riƙe kofi. Ranar karɓar makulli ku zagaya tare, ka ɗauki hoton ƙofofi, wayar taga, daɓe, fenti da kontar, ka tura wa mai gidan ta WhatsApp a ranar, don kwanan watan ya zauna. Ba don haka ba, duk tsohon karce da ke jikin ƙofa na karenka zai zama ranar tashi. Ka kuma sani doka ta ɗora wa mai dabba alhakin abin da ta ɓata, ko kuɓucewa ta yi. In rigima ta wuce sulhu, wannan aikin masana shari'a ne, iyakata in ce takarda da rasin kowane wata su ne abin da za a fara tambayarka.

Lafiyar iyali da ta dabbobin

Allurar haukan kare ana fara ta daga wata 3 da haihuwa, a sabunta duk shekara, kuma kyanwa ma ana yi mata. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita a ranar, a kuma tsare karen likitan dabbobi ya sa masa ido na kwana 10 zuwa 15 maimakon a kashe shi nan take. Da yaro ɗan shekara 3 da ke wasa a ƙasa, a kwashe kashin kare kullum, a ba dabbobin maganin tsutsar ciki duk wata 3, kuma kada a bar yaron da kare su kaɗai, musamman lokacin cin abinci.

Ga kyanwa, samu roba mai faɗi, zuba yashi zurfin yatsa, ajiye ta nesa da madafa. Kai za ka riƙa kwashewa, ba maiɗakinka ba, har ta haihu: kashin kyanwa na iya ɗaukar ƙwayar toksoplasma mai cutar da ɗan tayi, kuma ƙwayar sai ta kwana ɗaya ko fiye kafin ta zama mai kamawa, shi ya sa kwasar kullum take da amfani. Naman da bai dahu ba da salatin da ba a wanke ba ma hanyarta ce, sai a kula da su. Fitsarin kyanwa in ya shiga siminti yana daɗewa, kuma shi ke cinye kosiyo. A wanke da sabulu da binegar, kada a zuba jabel a kansa. Cikin kyanwa mako 9 ne kawai, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kontra kuwa kyanwa ɗaya ya ce, sai ka yi magana da likitan dabbobi a kan aikin hana ta haihuwa. Abu uku ke kashe kyanwoyi a gidajen haya: parasetamol da ake ba su da kyakkyawar niyya, maganin kaskar kare mai sinadarin permetrin, da maganin ɓera da maƙwabci ya zuba. Adadin kowane magani likitan dabbobi ne zai faɗa bisa nauyin dabbar, ba mai shagon magani na kasuwa ba.

Tawa zuwa Yamai ta Konni da Dogonduci da Doso ya haura kilomita 500. Kada a sa dabba a ma'ajiyar kaya ta ƙarƙashin bas, zafi da rashin iska za su gama da ita. A motar da za ta ɗauko kayanku za su zo, cikin keji ko kwando mai iska, a inuwa, ana tsayawa ana ba su ruwa. In an iso, kyanwa ta yi mako biyu a kulle cikin ɗaki kafin a bar ta ta fita, in ba haka ba za ta bi katanga ta ɓace.

Shawarata a kan tsari ita ce ka fara zuwa kai kaɗai, ka sauka wurin ɗan'uwa ko abokin aiki na mako biyu ko uku, ka nemi gidan da idonka. In har ka zagaya ba ka samu mai tsakar gida na kansa ba, kuma dole ta sa ka shiga gidan haɗaka, ka taho da kyanwar bayan an yarda, karen kuma ka bar shi a Tawa wurin wanda ya saba da shi, kana aika kuɗin abincinsa, ka karɓi ɗakin na ɗan lokaci kana ci gaba da cigiya. Abokan aikinka da limamin masallacin layinku sukan ji labarin gidan da za a tashi kafin dillalai su ji. Abin da ba zan yarda maka da shi ba shi ne ka kawo shi Yamai, abu ya ƙi, ka kai shi bayan gari ka saki. Karen da ya saba da hannun mutum ba ya iya rayuwar bola, kuma amanarsa tana wuyanka har ka sama masa wani gida.